Injin Da Ke Gina Ƙashin Fuska

A cikin shirinmu na ilmin kimiyya na yau za mu tafi da ku birnin Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya, can gabas mai nisa, domin mu ga wata dabara da likitoci suke yi wajen gyaran fuskar mutum idan ƙasusuwanta sun farfashe.

Kowa dai ya san aikin maɗori. Idan yaro ya faɗo daga kan itace ya karye a hannu, sai a kai shi wurinsa, ya ja hannun, ya daidaita ƙashin, ya ɗaure da kara da tsumma, bayan 'yan makonni ƙashi ya kama. Abin da ya sa wannan yake yiwuwa shi ne, ƙashin hannu dogo ne, miƙaƙƙe, ana kuma iya jinsa da yatsa ta bayan fata. To, fuska ba haka take ba. Ƙasusuwa 14 ne suka haɗu suka yi ta, ko wanne da irin lanƙwasarsa, waɗansu kuwa ba su fi ɓawon ƙwai kauri ba. Idan suka fashe, sun fi kama da ƙwarya da ta faɗi a kan dutse. Gyartai yana iya ɗinke ƙwarya idan an kawo masa ɓarayinta duka, amma idan wani ɓari ya ɓata, ko ya niƙe, sai ya ce a yi haƙuri.

Kada kuwa a zaci maganar kyau ce kaɗai. Ku ɗauki gurbin ido. Wani ɗan ɗaki ne na ƙashi wanda cikinsa bai wuce cokali biyu na cin abinci ba, watau kamar mililita 30. Idan daɓensa ya fashe, sai kitsen da ke riƙe da ƙwayar ido ya zurara ƙasa, ido ya faɗa ciki. Likitoci sun auna sun ga, in ɗakin nan ya ƙaru da mililita ɗaya tak, ido yakan koma baya kusan milimita ɗaya, in kuwa ya kai milimita 2 kowa ya dubi mutumin zai gane. Abin da ya fi wannan muni, idanun biyu sukan daina duban wuri ɗaya, sai mutum ya riƙa ganin kowane abu biyu-biyu. Direba ba zai sake tuƙi ba, tela ba zai iya zura zare a allura ba. Haka kuma idan muƙamuƙi ya kama a karkace, haƙoran sama da na ƙasa ba za su haɗu ba, mutum ya koma shan kunu da koko har iyakar ransa. Ban da wannan kuma ga kunya, wadda takan sa mai rauni ya daina zuwa kasuwa da masallaci da wurin biki.

Mutanen Malesiya sun san wannan masifa ƙwarai, domin ƙasa ce ta masu hawan babur. A yawancin shekaru mutum fiye da 6,000 ke mutuwa a kan hanyoyinta, fiye da rabinsu kuwa masu babur ne. Waɗanda suka tsira da rai sun fi haka yawa nesa ba kusa ba, da yawa daga cikinsu kuma da fuska suka bugi ƙasa. Wanda ya san titunan Kano ko na Maraɗi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Gyaran fuska ba yau aka fara shi ba. A shekarar 1901 wani likita Bafaranshe, René Le Fort, ya nuna cewa tsakiyar fuska takan tsage ne ta layuka uku sanannu, har yau kuwa da sunansa ake kiransu. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Harold Gillies ya yi wa dubban sojoji aiki a asibitin Sidcup a Ingila. Daga baya aka samu 'yan ƙananan faranta na ƙarfe da ake ɗaure gutattsarin ƙashi da su. Amma duk da haka wahala ɗaya ta saura. Sai an sa wa majiyyaci maganin barci, an buɗe fuska, sa'an nan likita zai ɗauki farantin ya lanƙwasa da awartaki, ya gwada, ya cire, ya sake lanƙwasawa, yana leƙe ta 'yar kafa mai cike da jini da kumburi. In akwai gurbin da ƙashi ya ɓata, sai ya yanko daga ƙugu ko daga haƙarƙari, ya sassaƙa da ido. Gwani yakan dace, amma ko gwani yakan kuskure da milimita biyu ko uku, mun kuwa ji abin da milimita biyu take yi wa ido.

Sabuwar dabarar ta tsaya a kan ƙafa uku, ba kuma wadda za ta yi amfani in babu sauran.

Ta farko ita ce hoto. Hoton ƙashi na da, wanda Röntgen ya gano haskensa a 1895, inuwa ce kawai, ƙashin gaba da na baya duk sun hau kan juna. A 1971 aka fara gwada wa majiyyaci wata na'ura a Landan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera, ita ce ake kira siti-sikan. Ita wannan takan zagaya kan mutum tana ɗaukar hotonsa yanki-yanki, kamar yadda mai abinci take yanka albasa, sai dai ba wuƙa ba jini. Don aikin fuska, kaurin kowane yanki ba ya wuce milimita ɗaya. Kwamfuta ta tattara ɗaruruwan yankunan nan ta jera su bisa juna, sai ga ƙoƙon kan mutum ya bayyana a kan allo, ana juya shi ta ko wane gefe, ana ganin kowace tsaga.

Ta biyu ita ce zane, a nan ne kuma hikimar take. Allah ya halicci fuska gefe biyu masu kama da juna. Saboda haka idan kuncin hagu ya rugurguje, na dama kuwa yana nan lafiya, sai a umurci kwamfuta ta juya na daman kamar a madubi, ta aza shi a hagu. Watau majiyyaci shi ne ya ba da awon abin da za a ƙera masa. Likita da injiniya su zauna gaban allo, su mai da gutattsarin ƙashi wurarensu ɗaya bayan ɗaya, su zana abin da zai cike gurbi, su kuma zaɓi inda kowace ƙusa za ta shiga, a wurin da ƙashi yake da kauri, nesa da jijiya da saiwar haƙori. A taƙaice dai an gama fiɗar a kan allo tun majiyyaci yana gida.

Ta uku ita ce ginawa. Turawa suna kiran abin ɗab'in 3D, watau ɗab'i mai tsawo da faɗi da kauri, amma a gaskiya ya fi kama da gini. Masassaƙi yakan ɗauki gungume ya yi ta ragewa har turmi ya fito. Mai ginin tukwane kuwa ƙarawa take yi, ta aza zoben yumɓu bisa zobe har tulu ya tashi. Injin nan ɗan'uwan mai tukwane ne. Wani Ba'amurke, Chuck Hull, shi ne ya sami takardar mallakar irinsa na farko a 1986, nasa kuwa da ruwan roba yake aiki, wanda haske yake daskararwa. Na ƙarfe ya zo daga baya, ga kuma yadda yake yi. A cikin wani akwati rufaffe, wanda aka kore iskar shaƙa daga cikinsa aka cika shi da wata iska da ba ta cin wuta, sai injin ya shimfiɗa garin ƙarfe mai laushi kamar kwalli, shimfiɗar da ba ta kai kaurin gashin kai ba. Sai wani tsinin haske mai tsananin zafi, wanda ake kira leza, ya bi ta kai ya narkar da garin a daidai inda zane ya nuna, ya bar sauran. Duk yaron da ya taɓa ƙona takarda da gilashi a rana ya ga ƙanen wannan abu. Daɓen akwatin ya sauka kaɗan, a sake shimfiɗa gari, haske ya sake bi. Haka za a yi ta yi sau ɗaruruwa ko dubbai, sa'o'i da yawa, har a kakkaɓe gari a ciro abin da aka gina. Sa'an nan a gasa shi, a goge, a wanke, a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa.

Ƙarfen da ake amfani da shi sunansa titaniyam. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,668, nauyinsa bai kai kashi biyu cikin uku na baƙin ƙarfe ba, ba ya kuma yin tsatsa cikin jiki. Amma babbar falalarsa wani likitan Suwidin ne ya gano ta, Per-Ingvar Brånemark, wanda ya dasa shi a ƙashin zomo domin wani bincike dabam, da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya manne masa ya ƙi saki. A 1965 ya fara kafa wa mutum haƙora da shi. Injin gini kuwa ya ƙara wani abu da maƙeri ba zai iya ba: yana iya gina ƙarfen da 'yan ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ya zama marar nauyi, nama da ƙashi kuma su tsiro su shiga cikinsa.

To, mu koma Kuala Lumpur. A unguwar Cheras, kudu maso gabashin birnin, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ƙasa ta Malesiya, wanda yanzu ake kira Asibitin Canselor Tuanku Muhriz. A shekarar 2015 wani likitan fiɗar baki da muƙamuƙi da fuska na wannan asibiti, Dokta Mohd Nazimi Abd Jabar, ya yi wa wata mata aiki, wadda haɗarin hanya ya lalata mata ƙashin fuska. Ya haɗa kai da injiniyoyin Materialise, wani kamfanin ƙasar Beljiyam da aka kafa a birnin Leuven a 1990, wanda yake da reshe a Malesiya. Da hoton kanta aka zana abin da za a dasa mata, aka gina shi da titaniyam, aka kawo aka sa. An ba da labarin aikin a kan cewa shi ne irinsa na farko a ƙasar. Abin lura a nan shi ne, ƙarfen nan ba zai shiga fuskar kowa ba a duniya sai tata, kamar rigar da tela ya auna ya ɗinka, ba wadda aka saya a rataye a kasuwa ba.

Amma ni a ganina abin da ake yi a ɗaya gefen birnin ya fi wannan ban sha'awa, ko da yake bai kai shi amo ba. A Lembah Pantai, kan iyaka da garin Petaling Jaya, nan Jami'ar Malaya take da asibitinta, wanda aka buɗe a 1968. A can wani likitan fiɗar ƙwaƙwalwa, Farfesa Vicknes Waran, da abokan aikinsa, cikinsu har da Farfesa Zainal Ariff Abdul Rahman, likitan fiɗar fuska, suka ɗauki injin gini suka sa shi wani aiki dabam. Su ba abin dasawa suka sa gaba ba. Kan mutum suke ginawa na roba, da wani inji mai fesa roba iri-iri a lokaci guda, mai tauri a wurin ƙashi, mai laushi a wurin fata, har da ƙari a ciki a daidai inda yake a kan majiyyaci na gaske. A 2014 suka buga bayanin aikin a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka. Amfaninsa shi ne, sabon likita ya yanka, ya huda, ya kuskure, ya sake, ba tare da ran kowa yana hannunsa ba. Da can sai a kan gawa, gawa kuwa wuyar samu gare ta, ba ta kuma zuwa da cutar da ake son koyo a kanta.

Wannan kan roba ya yi rana musamman wajen yara. Akwai wata cuta da ake haihuwar yaro da ita, wadda likitan Faransa Octave Crouzon ya bayyana a 1912. Mahaɗan ƙoƙon kan jariri, waɗanda ya kamata su zauna a buɗe domin ƙwaƙwalwa ta sami wurin girma, sai su haɗe tun lokaci bai yi ba. Tsakiyar fuska ta ƙi fitowa, gurbin ido ya zama marar zurfi har idanu su firfito, wani yaron ma ba ya iya rufe su, hanyar numfashi ta matse har barci ya zama haɗari. Maganinta fiɗa ce mai ban tsoro. A yanke goshi da tsakiyar fuska daga sauran kai, a ɗaura wata na'ura mai zare, sa'an nan kullum a murɗa ta, fuska ta matso gaba kamar milimita ɗaya a yini, sabon ƙashi yana tsirowa yana cike tazarar. Asalin dabarar ta Gavriil Ilizarov ce na ƙasar Rasha, wanda ya yi ta a ƙafafu. Likitocin Jami'ar Malaya, irin su Dokta Firdaus Hariri, suna yin wannan aiki, sukan kuma gwada shi tukuna a kan siffar kan yaron da inji ya gina. A nan za su ja layin yanka, su lanƙwasa ƙarafan, su ga ta wace fuska za a ja. Ku tuna jinin ƙaramin yaro duka bai fi kwalba ɗaya ko biyu ba, saboda haka duk sa'ar da aka rage a ɗakin fiɗa ba ƙaramar riba ba ce. Har wa yau likita yana iya ɗaukar siffar ya nuna wa uwa da uba, su riƙe da hannunsu, su fahimci abin da za a yi wa ɗansu kafin su ce sun yarda.

Game da muƙamuƙi kuwa, labarin da ya fi shahara daga Turai ya fito. A watan Yuni na 2011, a ƙasar Holand, aka cire wa wata tsohuwa mai shekara 83 muƙamuƙinta na ƙasa duka, wanda ruɓa ta cinye, aka sa mata na titaniyam da kamfanin LayerWise ya gina tare da masanan Jami'ar Hasselt ta Beljiyam. Nauyinsa giram 107, kowace milimita ɗaya ta tsayinsa kuwa shimfiɗa 33 ce. Washegari ta iya haɗiya. Sai dai wannan ba shi ne abin da aka fi yi ba. Galibi likitoci sun fi son ƙashi mai rai. Tun 1989, sa'ad da David Hidalgo ya nuna hanyar a New York, akan ciro siririn ƙashin nan na ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa, a yanka shi gida biyu ko uku, a jera shi ya yi siffar muƙamuƙi, a ɗinke jijiyoyin da na wuya. Aikin injin a nan shi ne ya gina wani ɗan ma'auni na roba mai tsagogi, wanda za a ɗora bisa ƙashin, zarto ya bi ta tsagogin, kowane yanki ya fito da tsawo da karkatar da aka shirya.

Yanzu kuma sai mu faɗi iyakar abin, domin masu talla ba su cika faɗa ba. Inji ba ya tunani. In hoton ya yi dishi-dishi, ko an yi kuskure a zane, zai gina kuskuren nan daidai wa daida, a ɗakin fiɗa kuwa ƙarfe mai kauri ba ya lanƙwasuwa kamar farantin da. Daɓen gurbin ido ma, saboda tsananin siririntakarsa, wani lokaci ba ya fita sosai a hoto, sai kwamfuta ta nuna rami inda babu rami. Dabarar madubi ba ta aiki in gefen biyu duka sun lalace. Zane da gini da aikowa sukan ci kwanaki ko makonni, saboda haka wanda aka kawo da dare jina-jina ba zai jira su ba. Ƙarfe ba ya girma, yaro kuwa yana girma. In ƙwayoyin cuta suka zauna a jikin ƙarfen, ko fatar da ta rufe shi ta yi siriri ta huje, wani lokaci tilas a cire shi. Ga kuma tsada.

Wannan ya kawo mu gida. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wadda waɗansu suke kira ciwon iska, an kafa shi a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma tana taimaka masa tun 2014. Cutar takan fara daga dasashi, ta cinye kunci da leɓe da hanci cikin 'yan kwanaki, galibi ga yara ƙanana masu fama da yunwa. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Mai sauraro zai ce, ashe ga magani ya samu. A'a. Abin da noma ta fi ci nama ne da fata, injin nan kuwa ba ya gina nama mai rai da za a dasa wa mutum. Har yanzu sai likita ya ɗebo daga goshi ko ƙirji ko hannu ya rufe. Inda zai taimaka shi ne wurin da ƙashi ya tafi, ko inda muƙamuƙi ya manne da ƙashin kunci har yaro ba ya iya buɗe baki, domin a nan siffar roba takan nuna wa likita inda zai yanka. Noma kuwa, in an gan ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau sukan tsai da ita.

Inda nake ganin za mu ci moriyar abin da wuri shi ne wajen masu haɗarin babur da masu ƙarin muƙamuƙi, irin wanda yakan yi shekaru yana kumbura kafin a kai mai shi asibiti. Ba sai mun sayi injin titaniyam ba, wanda kuɗinsa da wutar da yake sha sun fi ƙarfin yawancin asibitoci. Akwai ƙaramin inji mai narkar da zaren roba, wanda ake ajiyewa bisa tebur, kuɗinsa bai fi na babur ba. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, suna da sashen hoto da likitocin fiɗar fuska. Da hoton siti-sikan da wannan ɗan inji, ana iya gina muƙamuƙin majiyyaci na roba cikin dare ɗaya. Da safe likita ya zauna a ofishinsa a natse, ya ɗauki farantin ƙarfe irin wanda ya saba da shi, ya lanƙwasa shi a jikin robar har ya zauna daram, ya aika a dafa shi a kashe ƙwayoyin cuta. Ranar fiɗa sai ɗaurawa kawai. Robar ba ta shiga jikin kowa, saboda haka ba a bukatar ta zama mai tsada. Abin da ake bukata shi ne wutar lantarki da ba za ta ɗauke a tsakiyar gini ba, da kuma mutum ɗaya, likita ko injiniya, wanda ya koyi ware ƙashi daga nama a cikin hoton, ya kuma san ya auna siffar da ta fito ya gwada da awon da ke kan allo kafin a amince da ita.

A nan za mu dakata. Ku huta lafiya.